A riƙa duba bakin tsofaffinmu yadda ake auna jininsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya same mu a gida. Na tabbata irinsa na nan a gidaje da yawa, daga Tudun Wada zuwa Rigasa, daga Kawo zuwa Kakuri, sai dai ba a cika ɗauko zancensa ba. Maganar haƙoran tsofaffi ce.

Mahaifina shekararsa 76. Ya yi aikin masaƙa a Kakuri tun yana saurayi har masaƙun suka durƙushe, daga nan ya dawo ya riƙe ɗan shago a ƙofar gida. Shi ke jan salla a masallacin layinmu idan liman ba ya nan. Shekara 9 ke nan yana fama da ciwon suga da hawan jini, kuma a shekarun nan ban taɓa bari ranar asibitinsa ta wuce ba. Ni ke goya shi a babur, ni ke bin layin kati, ni ke sayen magani. Ko cikin dare ka tashe ni zan faɗa maka abin da jininsa ya nuna a awon ƙarshe. Amma da a ce bara ka tambaye ni haƙora nawa suka rage a bakin Baba, da sai dai in yi shiru.

Abin ya fara fitowa ne da Babbar Sallar bara. An soya naman layya, an kai masa nasa a kwanonsa, sai ya kira jikoki ya raba musu, ya ce ya ƙoshi. Muka ce kara ce irin ta manya. Bayan Salla sai ya zama ana kai masa tuwo ya tsame naman ya ajiye gefe. Can kuma tuwon ma sai an dama masa shi da miya ya yi ruwa-ruwa. Kafin sanyi ya shigo, abincin Baba ya koma koko da safe, shayi da burodi a jiƙe da rana, kunu da dare. Mutumin da yake da suga ke nan! Rigunansa suka yi masa yawa, wuyansa ya zurma. Muka koma asibiti, aka ga sugan ya hau, aka ƙara magani, aka yi masa faɗa a kan abinci, ya sunkuyar da kai ya ce to. A tsakanin nan ne kuma ya daina shiga gaba a masallaci. Idan an ce masa bisimilla sai ya tura wani yaro da ya sauke Alƙur'ani, ya ce lokacin yara ne. Goronsa ma da ba ya rabuwa da shi, sai na ga ya sa an huda masa murfin gwangwani da ƙusa yana goga shi ya zama gari kafin ya zuba a baki. Duk na ga waɗannan da idona, kuma duk na jingina su ga tsufa.

Edita, kai ma ka san yadda muke. Ni ɗan fari ne, Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ta ina zan fara ce masa, “Baba, buɗe bakinka in gani”? Shi kuma ta ina zai fara ce min, “Ba na iya tauna”? Zai iya faɗa min kansa na ciwo, ko ƙafarsa ta kumbura, domin wannan ciwo ne da ake faɗa. Amma haƙori na girgiɗi, dasashi na jini, baki na wari, waɗannan dattijo yakan haɗiye su ne saboda kunya. Mu ma da muke jin warin idan mun matso gaishe shi, sai mu kau da kai, kowa ya yi kamar bai ji ba. Kunyar nan tarbiyya ce, ba na raina ta, amma ta kusa sa mu rasa mahaifinmu da yunwa a gidan da ake dafa abinci sau uku.

'Yata ce ta fasa ƙwan, yarinya 'yar shekara 7, wadda yake kira amaryarsa. Ita ba ruwanta da kunyarsa, wasan jika da kaka ya ba ta wannan dama. Wata safiya tana zaune kusa da shi yana alwala, sai ta ɗaga murya ta ce, “Kaka, aswakinka ya yi ja, jini ne?” Ya kore ta da wasa. Da dare na sa Inna a gaba, sai ga magana. Ashe fiye da shekara biyu yana fama. Ashe haƙoransa biyu sun faɗi da kansu, ɗaya a cikin lomar tuwo. Ashe abin da ya hana shi jan salla shi ne tun da na gaban suka fita, wasu haruffa ba sa fita daidai, yana jin iska na kuɓuce masa a wajen sinun da sadun, shi kuma ba zai yarda ya ja mutane da karatun da bai gamsu da shi ba. Wannan ta fi komai taɓa ni. Mutumin da ya koya min Fatiha yana tsaye a sahu na biyu saboda giɓi, ni kuma ina gefensa ban sani ba.

Inna ta kuma faɗa min magungunan da ya gwada. Kanumfari, ruwan gishiri mai ɗumi, saiwar fasa-ƙwari, waɗannan da sauƙi, suna ɗan lafar da zogi. Amma har ƙwayar asfirin ya riƙa dannawa a jikin dasashi ya kwana da ita, abin da ke ƙona naman wurin ya bar gyambo. Wani maƙwabci ya ba shi shawarar ɗiga ruwan batir a kogon, Allah Ya tsare bai yi ba. Ya je wurin wani mai magani a gefen kasuwa wanda ya tura masa hayaƙi a baki, ya nuna masa wasu 'yan farare a cikin ruwa ya ce ga tsutsotsin sun fito, ya karɓi kuɗinsa. Sannan ga maganin kashe zafi daga kemis, wanda ya riƙa sha safe da yamma wata da watanni. Daga baya likita ta gaya min irin waɗannan ƙwayoyin, su diclofenac da ibuprofen, idan tsoho ya daɗe a kansu suna iya huda masa ciki su taɓa ƙoda, balle mai hawan jini da suga.

Ban yi nasarar kai shi asibiti nan da nan ba. Ya ce shi ba za a cire masa haƙorin sama ba, domin ya ji ana cewa jijiyarsa haɗe take da ido, ana cirewa gani zai ragu. Ya kuma ce tsohon da ya kai shekarunsa, me ya rage da za a gyara? Muna cikin wannan jan-in-ja wata ranar Alhamis kuncinsa na hagu ya kumbura, zuwa dare kumburin ya gangaro ƙarƙashin haɓa, ga zazzaɓi, yawu ma da ƙyar yake haɗiyewa. Da asuba muka tafi. Asibitin da muka fara zuwa, ba zan kama suna ba, muka tarar da mutane cike a benci, kujerar aiki ɗaya ce ke tafiya, ita ma sai an kawo wuta. Muka zauna har azahar. Daga ƙarshe wani ma'aikaci mai kirki ya dubi wuyan Baba ya ce kada mu ƙara minti ɗaya a nan, ya kwatanta mana wani wuri. Can aka karɓe shi, aka tsaga wurin aka fitar da mugunya, aka ɗaura masa ruwa da allurai, ya kwana uku. Likitar ta ce irin wannan kumburi idan ya sauko wuya yana iya toshe hanyar numfashi, kuma mutane na mutuwa da shi. Ina so duk mai karanta wannan wasiƙa ya riƙe wannan: ciwon haƙori da ya zo da kumburin fuska ko wuya, da zazzaɓi, da wahalar haɗiya ko buɗe baki, ba a kwana da shi a gida.

Bayan kumburin ya saɓe ne ta zauna ta ƙirga. Cikin haƙora 32 da babban mutum ke da su, 15 suka rage wa Baba, kuma 6 daga ciki suna rawa. Ta tambaye ni shekara nawa muna zuwa asibitin suga, na ce 9. Ta ce, “A cikin shekarun nan, akwai wanda ya taɓa ce wa Baba ya buɗe baki?” Na yi tunani, na ce babu. Wannan tambayar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ga abin da ta fahimtar da ni, kuma na bi na karanta na tabbatar. Da yawa daga cikin haƙoran da tsofaffi ke rasawa, ciwon dasashi ne ke cinye su. Dattin abinci da ƙwayoyin cuta sukan taru a gindin haƙori, idan ba a fitar da su ba su daskare su zama kamar tsakuwa, wadda aswaki ko buroshi ba sa iya kankarewa. Dasashi ya kumbura, ya riƙa jini, a hankali ƙashin da ke riƙe da haƙorin ya zaizaye, haƙori lafiyayye ya fara girgiɗi har ya faɗi. Abin yakan ɗauki shekaru kuma sau da yawa ba ya zafi, shi ya sa ba a farga. Ciwon suga na ƙara masa gudu, shi kuma ciwon dasashin yana sa suga ya ƙi daidaituwa, kowanne na hura wa ɗan'uwansa wuta. Ga kuma bushewar baki. Magunguna da yawa da tsofaffi ke sha, har da wasu na hawan jini, suna rage yawu, alhali yawu ne ke wanke baki yana kashe kaifin tsamin da ke cin haƙori. Dasashi ya ja baya, saiwa ta fito fili, ita kuma ba ta da ƙarfin saman haƙori, sai ta ruɓe da wuri. Wani maganin hawan jinin ma, irin su amlodipine da nifedipine, yakan sa dasashin wasu ya yi tsiro ya rufo haƙora. Ba cewa aka yi a daina shan magani ba, a'a, cewa aka yi mai shan su ya fi kowa bukatar a riƙa duba bakinsa. Game da tsutsa kuwa, ta ce babu wata tsutsa a haƙori, ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke cin suga su fitar da tsami. Cire haƙorin sama kuma ba ya taɓa gani. An cire wa Baba uku a sama, yana nan yana karanta Alƙur'aninsa da tabaran da ya saba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2022 inda ta ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki a duniya, kuma cikin waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama, kusan kashi 23 cikin ɗari ba su da haƙori ko ɗaya. Amma akwai wani labari da ya fi wannan tsaya min a rai. A 1989 ƙasar Japan ta fara wani gangami da ta kira 8020, wato mutum ya kai shekara 80 da haƙoransa 20, domin da 20 ana iya tauna kusan kowane abinci. Lokacin da suka fara, ko kashi 10 cikin ɗari na tsofaffinsu ba su kai haka ba. Zuwa 2016 sun haura rabi. Tsofaffin Japan ba wani ƙashi daban Allah Ya yi musu ba. Da zubewar haƙori dole ce ta tsufa kamar furfura, da babu gangamin da zai canja ta.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mu ba baƙin tsabtar baki ba ne. Yaro ma ya san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da yin aswaki a kowace salla. Je ka ƙofar Masallacin Sultan Bello ranar Juma'a ka ga yadda ake cinikin aswaki. Baba bai taɓa yin alwala ba aswaki ba. Likitar ma ba ta kushe shi ba, ta ce yana da amfani ƙwarai idan an iya. Matsalar ita ce yawancinmu haƙoran gaba kawai muke gogewa, mu bar turame da ɓangaren ciki ta wajen harshe, kuma da ƙarfi muke dirzawa har dasashi ya ja baya. Tsoho kuwa hannunsa ya fara rawa, idonsa ya rage, ba ya kai wa lungu. Shawarar da ta ba mu ita ce ya ci gaba da aswakinsa, a yanke bakin a sabunta shi a kai a kai, sannan safe da dare a haɗa da buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid. Idan ya gama ya tofar kawai, kada ya bi da kurkurar ruwa nan take, don maganin ya zauna. Gawayi da toka da wasu ke dirza su bari, suna kankare haƙori ne. Sakace da tsinken tsintsiya ko allura shi ma yana raunata dasashi.

Akwai kuma waɗanda ba sa iya yi wa kansu komai. Gwaggona a Unguwar Sanusi ta shekara biyu a kwance da shanyewar ɓarin jiki kafin Allah Ya karɓi abinsa. 'Ya'yanta sun yi mata hidimar da ba abin da za a ce sai Allah Ya saka. Ana yi mata wanka, ana juya ta, ana shafa mata mai, ana turara ɗakin. Amma ban tuna ranar da na ga an goge mata baki ba, kuma ni ma ban taɓa kawo zancen ba. Yanzu na san cewa dattin bakin majinyacin da ke kwance, musamman wanda yake ƙwarewa idan yana haɗiya, yana iya gangarawa huhu ya zama ciwon namoniya. Alhali abin ba wuya: a tayar da shi zaune ko a karkata kansa gefe, a goge da ƙaramin buroshi mai laushi ko tsabtataccen ƙyalle a naɗe a yatsa, a jiƙa leɓɓa. Kuma muna da abin koyi. Ya zo a Bukhari cewa a jinyar ƙarshe ta Manzon Allah, Abdurrahman ɗan Abubakar ya shigo riƙe da aswaki, Annabi ya bi shi da kallo, Nana A'isha ta gane yana so, ta karɓa ta tauna ta tausasa shi, ta miƙa masa ya goge bakinsa. Sau nawa muka ji wannan hadisi a wurin karatu? Ni dai ban taɓa jin an fassara mana shi da cewa ku je ku yi wa tsofaffinku haka ba.

Aikin Baba ya ɗauki wata huɗu. Sai da aka daidaita sugansa tukuna, domin mai suga ciwonsa ba ya saurin warkewa. Aka wanke haƙoran da inji, aka cire 6 ɗin nan a hankali ba rana ɗaya ba, aka yi wa biyu ciko, aka jira dasashi ya warke, sannan aka auna aka yi masa haƙoran roba sama da ƙasa. Ba zan ɓoye ba, kuɗin ya girgiza ni. Albashin malamin makaranta ne, sai da ƙannena biyu suka sa hannu, kuma na ci bashi. Da wankin haƙori kawai aka riƙa yi masa sau ɗaya ko biyu a shekara tun da aka gano sugan, da abin da za mu kashe bai kai ko kusa ba, kuma da haƙoransa na Allah suna nan. Ina tunanin tsohon da ba shi da ɗa mai albashi. Abokan aikin Baba na masaƙa da yawa haka suke, kana ganinsu a bakin masallatai, baki ya lotsa, sun koma kunu.

Haƙoran roba ma ba a gama da su ranar da aka saka. Makon farko sun ƙuje masa dasashi, ya cire ya ajiye ya ce ba zai iya ba, sai da muka koma aka rage. Dole a cire su da dare, a wanke, a ajiye a cikin ruwa mai sanyi, domin ruwan zafi na lanƙwasa su, kwana da su kuma na kawo kumburi da farin ƙura a ganda. Kuma an ja mana kunne cewa duk gyambo ko farin tabo ko jan tabo a baki da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, a kai a duba, domin haka sankarar baki ke farawa, musamman ga masu shan sigari da masu cusa garin taba a leɓe. Iyayenmu mata da ke da haƙorin Makka su ma a riƙa dubawa, don wani lokaci zinariyar na sheƙi a waje, haƙorin da ke ƙarƙashinta ya ruɓe.

Roƙona ga hukuma ba mai tsada ba ne. Jihar Kaduna na da mazaɓu 255, kuma an yi aikin samar da cibiyar lafiya a matakin farko a kowace mazaɓa. Tsofaffi na zuwa waɗannan wurare da manyan asibitocinmu duk wata don awon jini da suga. A sa ya zama doka cewa duk wanda ya haura shekara 60, bayan an ɗaura masa abin awo a hannu, a haska tocila a bakinsa na minti ɗaya, a tambaye shi ko yana iya tauna, a rubuta a kati, a tura shi gaba idan da bukata. Ma'aikaci baƙo ne, tsoho zai buɗe masa bakin da ba zai buɗe wa ɗansa ba. Makarantun da ke horar da ma'aikatan lafiya, irin ta Shehu Idris da ke Maƙarfi, su ba wannan muhimmanci a karatunsu. Hukumar KADCHMA mai kula da inshorar lafiya ta jiha ta duba yadda wankin haƙori da ciko da haƙoran roba za su zo wa tsofaffi da sauƙi, kuma a yi shela a rediyo da Hausa a faɗa wa mutane abin da katinsu ya ƙunsa. Ranar 20 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar lafiyar baki ta duniya. Na saba ganin ana zuwa makarantu ana raba wa yara buroshi, kuma hakan daidai ne, amma a ware wani ɓangare a je masallatai da coci-coci da wuraren da 'yan fansho ke taruwa. Malamanmu kuma, idan an zo babin aswaki ko babin biyayya ga iyaye, a haɗa da wannan.

Ku ma 'yan jarida, Edita, ina roƙon ka tura wakilinka ya zaga sashen haƙori na asibitocin garin nan, ya ƙirga kujerun da ke aiki da likitocin da ke akwai, ya tambayi tsofaffin da ke kan benci tun ƙarfe nawa suka zo, ku buga mu gani.

Baba yanzu ya fara mayar da jikinsa, sugan ma ya sauko har an rage masa ƙwaya ɗaya. Kilishi da rake da aya dai sun wuce shi, wannan likita ta faɗa mana gaskiya tun farko. Amma yana cin dambun nama, yana cin tsire idan an yanka ƙanana, yana cin zogale da ƙuli a jiƙe. Makonni uku da suka wuce liman ya yi tafiya, aka tayar da iƙamar magariba, aka ce masa bisimilla, sai na ga ya gyara hularsa ya shiga gaba. Inna kuma, wadda ta ce ita ba inda za ta je, jiya da kanta ta aiko yarinyar nan ta ce min turminta na dama yana mata tsami idan ta sha ruwan sanyi. Na karɓo mata kati, ranar Talata za mu je.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Tudun Wada, Kaduna.